Kada A Yar Da Fartanya Don Ƙota Ta Karye

'Yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka fara zama a teburan gwamnati, ga wata 'yar magana da nake so mu duba tare.

A hutun da ya wuce na je wani ofis a garinmu Gaya don karɓar takarda. Na tarar da akawun, wani dattijo mai haƙuri, ya kunna kwamfuta ya harɗe hannu yana jira. Muka gaisa, muka tambayi juna iyali da damina, har aka kawo mini ruwa na sha, ita kuwa ba ta gama buɗewa ba. Na ce, "Baba, kullum haka take yi?" Ya ce, "Ai yaro, tsufa ne. An riga an rubuta a kawo sabuwa." A lungun ɗakin ga waɗansu guda uku an jibge, ƙura ta lulluɓe su, su ma jiran sabuwa aka yi da su har aka manta.

Ra'ayina shi ne, yawancin irin waɗannan kwamfutoci ba su mutu ba. Gaɓa ɗaya ce ta gaji a cikinsu, watau faifan ajiya, kuma sake ta bai fi ƙarfin ofis ko makaranta ba.

Bari in bayyana. Tsohon faifan ajiya faranti ne na gaske da ke juyawa a cikin ɗan akwatin ƙarfe, galibi sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai da komowa a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Dabarar ta daɗe: tun 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da na farko, mai faranti 50, wanda abin da yake ɗauka bai wuce kamar megabait 5 ba, watau hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. An ƙanƙanta shi, an ƙara masa ciki, amma har yanzu sai hannun nan ya yi tafiya kafin ya ɗauko kome. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, kowane ɗaya kuwa sai an je an ɗauko shi. Wannan shi ne jiran da Baba akawu yake yi. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga ɗauke wuta ba sallama alhali faranti yana tsakiyar juyi. Duk suna rage masa kwana.

Sabon faifan da ake kira SSD ba shi da faranti ko hannu. Ba abin da ke motsi a cikinsa, ɗan'uwan katin ajiyar waya ne, sai dai ya fi shi sauri da ƙarko. Inda tsohon kan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, wannan yakan kai 500 da 'yan kai, a wajen nemo ƙananan fayiloli kuwa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Wutar da yake ci ma kaɗan ce, abin da mai aiki da batir da hasken rana zai so ya ji.

Aikin sawa ba wuya. A cire wuta, a kwance murfin akwatin, a taɓa ƙarfensa don sauke tartsatsin jiki, musamman da hunturu. In siririyar wayar SATA ce ke haɗe da faifan, an dace, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2006 zuwa yau ita suke da. Kafin kome, a kwashe muhimman takardu a ajiye wani wuri. Sa'an nan ko dai a juye tsohon faifan dungurungum cikin sabon da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce, ko a zuba sabuwar manhaja daga farko, wanda ni na fi so, domin ba a tarewa sabon gida da tsohuwar shara. Tsohon faifan, in yana da sauran lafiya, a bar shi ciki ya zama rumbu na biyu. Na yi wannan aiki da hannuna a kan wata tsohuwar Dell ta yayana mai shagon buga takardu. Wadda ke cin mintoci kafin ta buɗe, ta koma buɗewa kafin ya gyara zama.

To, in abin da sauƙi haka, me ya hana? A nan ne maganar ta shafe mu. Sayen sabuwar kwamfuta kwangila ce, da takardu da kwamiti da bikin miƙawa. Sake faifai kuwa aikin rabin awa ne da sukurudireba, ba wanda za a ɗauka hoto. Saboda haka takardar neman sabuwa takan kwana shekara a kan teburi tana jiran kasafi, aiki na tafiyar hawainiya, talaka na zaune a benci tun safe. Kuɗin sabuwa guda ya isa a farfaɗo da tsofaffi da dama. Ku tuna kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Yaron da ya tashi a ƙauyen Ajingi, wanda bai taɓa dafa allon rubutu ba sai ranar jarrabawa, yaya zai yi gogayya da ɗan birni? Kwamfutocin nan uku na lungu, da an tashe su, da sun isa wani aji ya koyi inda haruffa suke.

Ba zan ɓoye muku inda maganata take da iyaka ba. Kwamfutar da ke da faffaɗar wayar nan ta da, mai kama da ɗamara, ta wuce wannan magani, wahalarta ta fi amfaninta. Wadda ƙwaƙwalwar aikinta, watau RAM, ba ta kai gigabait 4 ba, sai an ƙara mata, in ba haka ba an yi gyaran gangar auzinawa. Akwai jabu a kasuwa, ko a titin Beirut na Kano ko a Ikeja ta Ikko, faifan da aka rubuta masa girman da ba shi da shi. A saya wurin wanda za a iya komawa gare shi, a karɓi rasit, a gwada a gabansa. SSD kuma ba ya yin ƙara ya gargaɗe ka kamar tsohon, in zai mutu farat ɗaya yakan mutu, don haka ajiye kwafi a wani wuri wajibi ne.

Babbar hujjar masu son sabuwa ita ce manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin tsofaffin injuna. Wannan gaskiya ne, kuma ofishin da ke harkar kuɗi ta intanet ya kamata ya kula. Amma ga buga wasiƙa, lissafi da koyar da yara, akwai Linux Mint da LibreOffice, kyauta, suna tafiya lafiya a kan injin shekara goma.

Wani abu kuma da ba a cika tunawa ba: faifan da aka cire cike yake da sunayen mutane, albashinsu da takardun filayensu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsare su. A goge shi sarai ko a fasa, kada ya bi 'yan gwangwan.

Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka je gindin Dala neman tama. Abin kunya ne jikokin maƙera su rasa mai kwance sukuru huɗu. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, nan kusa da mu, cike da 'ya'yanmu masu karatun kwamfuta da ke neman wurin koyon aiki. Ina ba ƙungiyoyinmu na ɗaliban Gaya da Ajingi shawara su ware mako guda a babban hutu, su nemi izinin shugabannin makarantu, su ƙirga injunan da ke kwance, su rarrabe mai tashi da marar tashi. Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, ranar da maigidanka ya ce ka rubuta takardar neman sabuwar kwamfuta, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in sa a buɗe wannan tukuna," ka haɗa masa farashin biyun a shafi ɗaya ya gani da idonsa.