SHARHI: Wa ke binciken ƙwayar cacar da ke cikin wayoyin matasan Gaya da Ajingi?

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, inda ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ikon Gwamnatin Tarayya kuwa bai wuce Abuja ba. A Kano, inda Shari'a ta haramta caca, hukuncin ya ƙara wa Hisba ƙarfin gwiwar rufe shagunan caca, aikin da ta soma tun watan Oktoban shekarar. Sai dai shago ake garƙama wa kwaɗo. Cacar waya ba ta da ƙofa, kuma intanet ɗin da ke kai ta birnin Kano shi ke kai ta Gaya da Ajingi.

Cikin wasannin da ake zuba wa kuɗi a waya akwai na ƙwaya, irin su lido da bakgamon. Wannan na biyun jikan tsohon wasan nardi ne, wanda littafin Risala ya hana. Mutum biyu ke yin sa, kowa da 'ya'ya 15 a kan allo mai gidaje 24, ana jefa ƙwaya biyu. Wanda ya riga fitar da 'ya'yansa duka ya ci maki ɗaya. Idan abokin karawarsa bai fitar da ko ɗa ɗaya ba, makin ya zama biyu. Idan kuma har da saura a gidan wanda ya ci, ya zama uku. Akwai kuma ƙwayar ninki mai lambobi daga 2 zuwa 64, wadda ɗan wasa ke miƙa wa abokinsa: ko ya yarda a ninka kuɗin, ko ya sallama. Ta haka wasan naira 500, idan ninki ya kai 8 aka kuma yi cin maki biyu, sai ya koma asarar naira 8,000.

A kan tabarma kowa na ganin hannun da ya kaɗa ƙwaya. A waya kuwa, wata manhaja ce a kwamfutar kamfani ke fitar da lambar. Lissafin ƙwaya mai adalci sananne ne: ƙwaya biyu na iya faɗuwa ta hanyoyi 36, shida daga ciki tagwaye ne, wato sau ɗaya cikin shida. Amma wasa goma ko ashirin ba sa isa a gane maguɗi. Sai an tara dubban jifa an auna. Shi ya sa a Birtaniya hukumar caca ke wajabta wa kamfanoni kai manhajarsu ga masu gwaji masu zaman kansu, irin su eCOGRA.

Ko da ƙwayar ta tsarkaka, mai gidan caca ba ya asara. A ɗauka mutum biyu sun zuba naira 1,000 kowanne, kamfani na cire kashi 10 cikin ɗari, mai nasara ya karɓi 1,800. Wanda ya yi wasa 100 ya ci rabi ya zuba 100,000, ya karɓo 90,000. Bai yi rashin sa'a ba, ba a kuma cuce shi ba, amma 10,000 ta tafi.

A nan giɓin yake. Legas na da hukumar da ke ba kamfanonin caca lasisi tana bibiyar su. Kano, da yake ta haramta, ba ta ba da lasisi, saboda haka ba ta binciken manhajar kowa. Matashin Ajingi da aka riƙe wa kuɗi ba zai kai ƙara ba, domin kai ƙara tona asirin kai ne.

Haramci ba ya sauke wa gwamnati nauyi. Kuɗin cacar waya ta asusun banki suke bi, tallanta kuma ta Facebook da TikTok yake shigowa, kuma iko da bankuna da sadarwa na hannun Tarayya. Ya rage ga matasan mazaɓar Gaya, Ajingi da Albasu su tambayi wakilansu a Kano da Abuja: wace magana suka kai gaban Babban Bankin Najeriya da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa kan wannan hanya da Hisba ba ta da mabuɗinta?