KATIN BANKI A MOTOCIN JOS: A ƘARA ƘOFA, KADA A TOSHE TA TALAKA

Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama shi ne ke lashe albashin ƙaramin ma'aikaci da 'yar ribar mai tireda a ko'ina cikin ƙasar nan. Don haka jama'ar Jos suka yi lale marhabin a shekarar 2024 sa'ad da Gwamnatin Jihar Filato ta Gwamna Caleb Mutfwang ta fito da manyan motocin safa na Tin City Metro a ƙarƙashin kamfanin Plateau Express, waɗanda suka fara ɗaukar mutane tsakanin Jos da Bukuru a kan naira 200. Ba a miƙa wa yaron mota kuɗi a cikinsu. Mutum zai sayi katin kamfanin ne, ya zuba kuɗi a ciki, in ya zo shiga ya ɗora shi a kan na'ura ta zare nata.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga 'yan Arewa mazauna Kurmi. Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san katin Cowry wanda Gwamnatin Jihar Ikko ta shigo da shi a 2020, da shi ake shiga motocin BRT da jirgin ƙasa na cikin gari da jiragen ruwan gwamnati. Sunan ma ba baƙo ba ne, don ma'anarsa wuri, watau kuɗin da kakanni suka yi ciniki da shi.

To, amma manyan biranen duniya sun soma juya wa irin wannan kati baya. Birnin Landan ya fito da katinsa mai suna Oyster a 2003, a ƙarshen 2012 ya yarda fasinja ya ɗora katinsa na banki a motocin safa, a 2014 kuma aka haɗa da jiragen ƙarƙashin ƙasa. A birnin New York na Amurka an daina sayar da tsohon katin MetroCard a ƙarshen 2025, aka koma tsarin OMNY mai karɓar katin banki da wayar hannu. A nan gida ma Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin biya ta ɗora kati a watan Yuni na 2023, inda ya ƙayyade naira 15,000 a biya ɗaya, naira 50,000 a yini. Ashe ke nan ba da jimawa ba wannan magana za ta iso teburin hukumomin Jos, kuma gara a yi ta tun ba a yanke shawara ba.

Lalle katin banki yana da amfanin da ba mai musu. Mutumin Gangare ko Unguwar Rogo da ke sayar da kayan gwari a Mile 12, in ya zo gida hutun Salla, katin Cowry da ke aljihunsa ba zai kai shi ko Dadin Kowa ba, sai ya sake sayen wani. Ran da zai koma kuwa, abin da ya rage a cikin na Jos ya kwanta ke nan sai baɗi. Haka abin yake ga wanda ya zo Kirsimeti daga Badun ko Fatakwal. Da katin banki ne, guda ɗaya ya ishe shi ko'ina, ba layin zuba kuɗi, ba kuɗin da ke barci a hannun kamfani. Gwamnati ita ma ta huta da ɗawainiyar buga kati da rarraba shi.

Amma fa akwai tambayar da masu doki ba su cika yi ba: wa ke da katin bankin? Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan Nijeriya ba su da wata hulɗa da harkar ajiya ko lamuni ta kowace iri, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Su wane ne waɗannan? Su ne ɗan dakon kasuwar Farin Gada, da tsohuwar da ke kawo dankali Taminus, da yaron makaranta da aka ba kuɗin mota da safe. Domin irinsu aka sa rangwame a motar tun asali. Ran da aka ce sai mai asusun banki zai hau, an ɗauki tallafin talaka an miƙa wa mai albashi, shi kuwa talakan ya koma Keke yana biyan ninki.

Na biyu, sha'anin sabis. Katin kamfani kuɗinsa na wurin kamfanin, ba sai an nemi yardar wani ba. Katin banki kuwa dole maganarsa ta kai banki, kuma kowa ya san yadda ake zare wa mutum kuɗi a wurin mai POS alhali biyan bai shiga ba, ya yi kwanaki yana zarya kafin a mayar masa. Ba a manta da watannin farko na 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, hanyoyin bankuna suka cushe, magidanta suka kwana da yunwa alhali suna da ajiya. Bai kamata zuwan leburan wurin aiki ya rataya a kan irin wannan igiya ba.

Su ma biranen da ake koyi da su ba su yi gaggawar zubar da ruwan randa don ganin hadari ba. Landan ba ta soke Oyster ba bayan ta karɓi katin banki, New York kuwa ta tanadi katin OMNY wanda ake saye da tsabar kuɗi a kantuna domin marasa banki. Birnin Nairobi na Kenya da aka nemi tilasta wa motocin haya barin tsabar kuɗi, katin BebaPay da aka kawo a 2013 bai wuce 2015 ba ya mutu.

Saboda haka abin da ya kamata hukumomin Jos su yi a fili yake. A buɗe wa katin banki da waya ƙofa a kowace mota, amma katin kamfani ya zauna daram, a riƙa sayensa da zuba masa tsabar kuɗi ba tare da an nemi lambar BVN ba, a kuma yawaita wuraren zubawa a kasuwanni da unguwanni. Kuɗin mota ya zama ɗaya ga kowa, kada a ɗora wa mai tsabar kuɗi ko kwabo. Wanda aka zare wa kuɗi bisa kuskure a mayar masa cikin ƙayyadadden lokaci. Bugu da ƙari, gwamnatocin jihohi su zauna su daidaita na'urorinsu yadda katin Ikko zai yi aiki a Jos, na Jos ya yi a Ikko.

Ƙungiyoyin 'yan Filato da sauran 'yan Arewa da ke Kurmi sun riga mutanen gida ganin daɗi da wuyar wannan tsari. Wajibi ne su rubuta wa wakilansu na Majalisar Dokokin Jiha tun yanzu, domin motar da aka saya da kuɗin jama'a ta ɗauki kowa, mai banki da marar banki.