Nasiha ga Magidantan Gwarzo da Kabo a kan Ƙananan Littattafai

 Ya 'yan'uwana malamai da fatake masu karanta wannan fili, ina so in yi magana a kan wani al'amari wanda ya yawaita a ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama har Garo da Durun, watau sayen manyan littattafai da barin ƙanana.

Mutum ya kai hatsi ko dabba birni, Allah ya ba shi ciniki, ba zai fito ta Kabuga ba sai ya biya kasuwar Kurmi ya ɗauko Fatahul Bari ko wani babban tafsiri mai mujalladai da yawa, mai ruwan zinariya a bango, ya zo ya jera a zaure. Ba na zarginsa, son ilmi ne ya kai shi. Amma a cikin wannan gida za ka iske yaro ya sauke Alƙur'ani, an yi yanka, an yi walima, in ka tambaye shi abin da ya hau kan wanda ya manta zaman tahiya na fari, ƙabli ne ko ba'adi, sai ya sunkuyar da kai. Shekarar 2020 ta tona wannan asiri. Sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnonin Arewa kuma suka yi ta mayar da almajirai garuruwan iyayensu, yara suka zauna gida wata da watanni, sai aka ga gidaje masu yawa akwai littattafai a kanta, babu mai biya wa yaro ko shafi guda.

Magabatanmu sun jera mana tsani, kuma ba su jera shi da ka ba. Ƙawa'idi da fari, sa'an nan Ahalari, sa'an nan Ishmawi, sa'an nan Iziyya, sa'an nan Risala. Wanda Allah ya nufe shi da malanta ya zarce Askari da Muhtasar. Waɗannan biyar na fari su ne nake ganin lalle su kwana a gidan kowane magidanci, kuma duk an haɗa su ba su kai kaurin mujalladi biyu na waɗancan manya ba.

Amma Ahalari, to wallafar Shaihu Abdurrahman ne, mutumin ƙasar Aljeriya, a ƙarni na 10 na hijira. Bai wuce tuba da tsarki da salla ba, ya kuma rufe da dogon bayani a kan rafkanuwa. Mutane suna raina shi don ƙanƙantarsa, alhali kuwa a cikinsa akwai fasalin haila da fasalin jinin biki, waɗanda rabin mutanen gidanka ba su da wadatuwa ga barinsu. Ga misali guda. A ƙauyukanmu mace takan haihu ta zauna ba salla har ta yi arba'in, tana zaton haka shari'a ta ce. A mazhabar Maliku kuwa kwana 60 shi ne iyakar jinin biki, ƙarancinsa ba shi da iyaka, duk ranar da ya ɗauke, ko da ranar haihuwa ce, sai ta yi wankan tsarki ta yi salla. Wankan jego al'ada ce, ba shi hana farilla. To, sallolin da suka wuce ta, wa za a tambaya? Miji yana zaure yana fassara wa baƙi hadisi, ita tana ɗaka ba wanda ya taɓa buɗa mata wannan fasali.

Ba ni na fara wannan kuka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna karantar da ɗalibai na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara jajis suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙoƙin Hausa da Fulatanci, aka kira jama'arsu 'Yan Taru. In kunya ta hana uba karanta wa 'yarsa waɗannan fasulla, ya karanta wa uwarta, ita ta isar, ko ya kai ta ga malama. Kada a bari sai daren kai amarya sa'an nan gwaggo ta raɗa mata abin da ita ma ji ta yi.

Ishmawi ya ƙara jana'iza da azumi, Iziyya ta shiga zakka da aure da ciniki da gado. Waɗannan ba sai na tsawaita ba.

Amma Risala, a nan nake so fatake su saurara. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta hijira, watau 996, ya wallafa ta ne bisa roƙon wani malamin yara, don a koya wa ƙanana kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. Littafin da aka yi domin yara, yau dattijo mai shago yana ganin ya fi ƙarfinsa. Babin ciniki kaɗai ya isa ya gyara kasuwa. Mai ba da buhun dawa da damina don ya karɓi buhu da rabi da kaka, riba ya ci, ko da ya kira abin taimako. Hanyar halal tana nan kusa, ita ce salam: ka biya kuɗi yanzu a kan hatsi sananne, da awo sananne, zuwa ajali sananne. Gero da gero ba a musanya su sai daidai da daidai, hannu da hannu. Gero da dawa kuwa jinsi biyu ne, fifiko ya halatta in ba jinkiri. Abincin da ka saya da awo ba ka sayar da shi kafin ka karɓe shi, wannan kuwa ya shafi masu sayen masara a Dawanau ta waya su sayar ta waya, ba su ga ko buhu guda ba.

Haka babin zakka. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ushuri ne, abin da aka shayar da wahala, kamar masu jan ruwa da inji a bakin madatsar Guzu-Guzu, rabin ushuri. Tumatir da albasa babu zakka a kan ainihinsu a wurin Malikawa. Mai shago wanda hajarsa ke juyawa kullum yakan yi mata ƙima kowace shekara ya fitar, wanda kuwa ya ɓoye haja yana jiran tsada sai ranar da ya sayar. Ɗan da za ka bar wa shago, in bai san waɗannan ba, me ka bar masa? Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba ya nemi Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji, da Hausa yake. Wanda ya iya ya riƙi Samaruddani, sharhin Risala ne mai sauƙi.

Sayen littafi ba shi ne aikin ba, sai an ba shi lokaci. Abin da na gani ya yi amfani a gidajen iyayen ɗalibaina shi ne tsakanin Magariba da Lisha. Uba ya dawo daga masallaci ya zauna a tsakar gida, ba a zaure ba, wayarsa tana aljihu a kashe, ya karanta layi 3 ko 4 ya fassara, kowa yana ji har mai tuƙa tuwo. Layi 4 a dare ya isa a gama Ahalari kafin shekara ta kewayo. Yarinya mai talla ta kasance ta shigo gida kafin kiran Magariba, ko an sayar ko an yi kwantai, asarar kwanon ƙosai ba ta kai wata asarar ba. Ranar Alhamis, da yake ba makarantar allo, uba ya karɓi allon yaro ya ji haddarsa da kunnensa. Kuɗin Laraba haƙƙin malam ne, amma ba shi ɗauke wa uba nauyin da Allah ya ɗora masa.

A kula kuma da mus'hafin da za a saya. Makarantun allo da ruwayar Warshu suke, yawancin Islamiyyu da ta Hafsu. Duka biyu ingantattu ne, amma ƙaramin yaro in yana wanke allo da Warshu, aka ba shi bugun Madina na Hafsu ya yi tilawa a gida, harshensa zai rikice, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. A saya masa irin rubutun Sharif Bala, ko wani bugun Warshu, har ya yi ƙarfi.

Tun da na ambaci duka, bari in faɗa wa 'yan'uwana malamai, da iyaye masu cewa “nama naka, ƙashi nawa”. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 ta hijira, ya yi littafi a kan ladubban masu karantarwa, ya iyakance bulala a kan karatu ga 3 sai da izinin uba, ya hana dukan fuska da kai. Ibnu Haldun kuma a cikin Muƙaddima ya yi fasali guda yana bayyana cewa tsanani ga mai koyo yana gadar masa da ƙarya da munafunci da kasala. Waɗannan Malikawa ne, ba Turawa ba, kada wani ya ce ra'ayin boko na kawo.

Daga ƙarshe, yaro ba ya rayuwa da fiƙihu kaɗai. Daren Juma'a a bar shi da Ishiriniya, ko a sa ya rera wa kakarsa Infiraji ta Aliyu Namangi, akwai ta da ajami. In yana karanta boko, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ban ga abin ƙi a cikinsu ba, sai dai uba ya riga ɗansa karantawa, don in yaro ya yi tambaya ya sami mai amsa masa.