Kamfanin Porsche Na Jamus Tsakanin Tsohuwar Mota Da Sabuwa

Daga Wakilinmu

A ranar 19 ga watan Satumba na shekarar 2025, shugabannin kamfanin Porsche, watau mashahurin kamfanin nan mai ƙera motocin tsere a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, sun fito sun shaida wa masu hannun jari cewa sun sake shawara. Motocin da aka shirya mayarwa masu aiki da lantarki zalla, wasunsu za su ci gaba da shan fetur, wasu kuma an ɗage fitowarsu. Kamfanin ya ƙiyasta cewa wannan gyaran tafiya, haɗe da sauran ɗawainiyar da ta zo tare da shi, zai ci kimanin Yuro miliyan 3,100 a cikin shekarar. A watan nan ne kuma aka cire sunan Porsche daga jerin manyan kamfanoni arba'in na kasuwar hannun jari ta Frankfurt, shekara uku kacal bayan ya shiga kasuwar da kiɗa da kalangu.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ma'aikacin da ke lallaɓa tsohuwar motarsa zuwa ofis da rigimar attajiran Turai. Akwai ruwansa, kuma za mu zo kan wannan. Amma ko da babu, tambayar da ke gaban Porsche ita ce wadda ke zuwa gaban duk mai riƙe da dukiya, ko tasa ko ta hukuma: abin da ya tsufa amma yana aiki, a riƙe shi ne ko a musanya shi, kuma yaushe?

Ba yau ne kamfanin ya fara tsayawa a wannan mararraba ba. Motarsa da duniya ta fi sani, mai lamba 911, an fara nuna ta ne a bajekolin motoci na Frankfurt a shekarar 1963, a lokacin lambarta 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ce atafau shi ke da haƙƙin lamba uku mai sifiri a tsakiya, kamar yadda duk wanda ya shiga 404 ko 504 a tashar mota ya sani, don haka aka mayar da sifirin ya zama ɗaya. Ƙirar motar ta gaji ta Bosuwaja, wadda kakan mai zanen 911 ɗin, Ferdinand Porsche, ya tsara: inji a baya, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Bambancin shi ne injin 911 silinda shida ne, kuma gudunta ba na wasa ba ne. Nauyin da ke bayanta ya sa idan direba bai ƙware ba ya shiga kwana da gudu, sai gindin motar ya nemi wuce gabanta. Masu sonta kuwa wannan halin nata ne ma ya ƙara musu sonta.

Da shekarun 1970 suka kama, sai hankalin kamfanin ya tashi. Amurka, wadda ita ce babbar kasuwarsa, ta kafa dokar tsabtace iska a 1970, ana kuma ta ƙara tsaurara ƙa'idojin ƙarar inji da na kare lafiyar fasinja. Tun 1965 lauyan nan Ralph Nader ya riga ya ɓata sunan wata motar Amurka mai inji a baya, watau Chevrolet Corvair. Shugaban Porsche na lokacin, Ernst Fuhrmann, injiniya ne na gaske, kuma lissafinsa ya nuna masa cewa injin da iska ke sanyayawa ba zai daɗe yana tsallake irin waɗannan dokoki ba. Saboda haka ya sa aka ƙera magajiya, mai lamba 928, wadda aka fito da ita a 1977: inji a gaba, silinda takwas, ruwa ke sanyaya shi. Mota ce mai kyau ƙwarai, har ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1978. Aka tsara cewa 911 za ta kwanta dama a farkon shekarun 1980.

Sai dai masu saye ba su bi lissafin ba. Suka ci gaba da neman tsohuwar fiye da sabuwar, wadda ta fi ta tsada da nauyi. Fuhrmann ya bar kujera a ƙarshen 1980, aka ɗauko Peter Schutz, haifaffen Berlin da ya tashi a Amurka, wanda yawancin aikinsa a kamfanonin injin dizal ya yi shi. Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da ya faru makonni kaɗan da kama aikinsa a 1981. Ya shiga ofishin babban injiniyan kamfanin, Helmuth Bott, ya tarar da taswirar shirin ayyuka manne a bango, layin kowace mota ya miƙe zuwa shekaru masu zuwa, na 911 kuwa ya tsaya cak a 1981. Sai ya ɗauki alƙalami daga kan tebur ya ja layin har ƙarshen takardar, ya zarce da shi kan bangon ofis. An daina ƙera 928 a 1995 bayan an yi kimanin guda 61,000. Ita kuwa 911 ta cika miliyan ɗaya a watan Mayu na 2017, kuma kamfanin ya ce a lokacin fiye da kashi 70 cikin 100 na duk waɗanda aka taɓa ƙerawa suna nan suna iya hawa titi.

Wannan labari yana da daɗin ji, shi ya sa masu ƙin motar lantarki suke yawan kawo shi a matsayin hujja. Amma suna tsallake rabinsa. Fuhrmann bai yi kuskure ba game da injin iska. Lokacin ne kawai ya yi gaggawar sa wa. A 1997 kamfanin ya fito da 911 mai lagireto, a 1998 kuma aka ƙera ta ƙarshe mai injin iska, saboda dalilan nan na hayaƙi da ƙara waɗanda ya hango shekaru ashirin kafin nan. A 2024 har an sa wa wani samfurinta ƙaramin batir da injin lantarki mai taimaka wa na fetur. Watau abin da Schutz ya ceta suna ne da siffa da wurin zaman inji, amma kayan cikin an sha musanya su. Bugu da ƙari, 911 ita kaɗai ba ta iya ciyar da kamfanin ba. Shi kansa Schutz ya tafi a 1987 bayan darajar Dala ta faɗi cinikin Amurka ya karye, kuma a farkon shekarun 1990 saura ƙiris kamfanin ya durƙushe. Abin da ya tashe shi shi ne ƙaramar Boxster ta 1996, da kuma babbar motar iyali mai shiga daji, Cayenne, ta 2002, wadda masoyan 911 suka yi wa tofin Allah tsine a lokacin da ta fito.

To, mu dawo kan na yau. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga 2035 ba za a yi wa sabuwar ƙaramar mota rajista ba sai wadda ba ta fitar da iskar kabon. Porsche ya riga ya yi nisa a wannan hanya: ya fito da Taycan mai lantarki a 2019, ya kuma ce yana fatan kafin 2030 fiye da kashi 80 cikin 100 na motocin da zai sayar su zama na lantarki. Bisa wannan fata ne aka yanke hukuncin cewa ƙananan motocin tserensa masu lamba 718, da kuma Macan wadda take cikin waɗanda suka fi kawo masa kuɗi, magadansu lantarki zalla za su kasance. Da wata ƙa'idar kare na'urorin kwamfutar mota daga masu kutse ta fara aiki a watan Yuli na 2024, kamfanin bai ga dalilin kashe kuɗi wajen gyara motocin da ya riga ya yi wa haƙa kabari ba, sai kawai ya janye yawancin samfuransu masu fetur daga kasuwar Tarayyar. A nan ne, a ganinmu, babban kuskuren yake. Macan ta lantarki ta fito, amma magajiyar 718 ba ta shirya ba, kamfanin Northvolt na Suwidin da aka sa ran zai ba da batir ma ya karye a watan Maris na 2025. Aka wayi gari an zubar da ruwan tulu alhali hadarin bai ko haɗu ba. A watan Oktoba na 2025 aka rufe ƙera 718 mai fetur, ba tare da akwai wata a shago da za a nuna wa mai saye ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa motar tsere ta fi sauran motoci wuyar mayarwa lantarki. Ba gudu ne matsalar ba, domin injin lantarki ya fi na fetur saurin tashi. Nauyi ne. Ita 718 ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, Taycan kuwa ta haura tan biyu, kuma batir ne ya kawo yawancin bambancin. Wanda ya sayi irin wannan mota ba don zuwa kasuwa ya saye ta ba. Yana biyan kuɗin sauƙin juyawa a kwana ne, da rurin inji, da canjin giya da hannu. Sannan akwai lissafin da kowane dillali ya sani: tsofaffin 911 masu injin iska farashinsu hawa ya yi ta yi bayan an daina ƙera su, Taycan ta hannu kuwa darajarta saurin zubewa take yi, saboda kowace sabuwar fitowa batirinta ya fi na baya. Mai tsohuwar mota a gareji ya duba wannan, sai ya ga babu abin da zai sa ya rabu da ita. A 2024 cinikin Taycan ya faɗi da kusan rabi, zuwa guda 20,836, yayin da aka sayar da 911 guda 50,941.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa komawa ga fetur zai warkar da ciwon. Babban ramin da kamfanin ya faɗa a ƙasar Sin yake. A 2021 ya sayar da motoci fiye da 95,000 a can; a 2024 ba su kai 57,000 ba. Waɗannan masu saye ba kewar fetur ce ta kore su ba, motocin lantarki na gida suka koma wa, masu araha da yawan na'urori. Kamfanin Xiaomi, wanda jama'a suka fi sani da wayar hannu, ya ƙera mota mai suna SU7 Ultra wadda a 2025 ta zagaye filin tseren Nürburgring na Jamus cikin lokacin da ya gaza na Taycan mafi gudu. A Amurka kuma, inda har yanzu ake son babban inji, Porsche ba shi da masana'anta ko ɗaya, don haka harajin shigo da motoci da Shugaba Trump ya ƙara a 2025 ya hau kansa gaba ɗaya. A watanni tara na farkon 2025 ribar aikin kamfanin ta tsaya a Yuro miliyan 40, alhali a daidai wannan lokaci na 2024 ta kai kimanin miliyan 4,000. Tun watan Fabrairu na shekarar aka sanar da rage guraben aiki 1,900 kafin 2029. A 1981 masu saye suna nan a ƙofa, shugabanni ne suka ƙi buɗewa. Yanzu kuwa wani ɓangare nasu ya tafi wani gida.

Ta fuskar doka ma ƙasa tana motsi. Tun a 2023 gwamnatin Jamus ta tsaya kai da fata sai da aka yi alkawarin barin ƙofa ga injin da ke shan man da aka haɗa a masana'anta daga ruwa da iskar kabon. Porsche yana da hannu a wata ƙaramar masana'antar gwaji ta irin wannan mai kusa da Punta Arenas a ƙasar Chili, wadda aka buɗe a ƙarshen 2022, amma abin da aka tsara ta fara da shi lita 130,000 ne a shekara, watau abin da tankokin mai uku ko huɗu za su kwashe. A watan Disamba na 2025 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a sassauta dokar 2035 daga kashi 100 zuwa kashi 90. Wannan sassauci zai ishi ƙaramin kamfanin motocin alfarma numfashi, amma yana tilasta masa ɗaukar nauyin ƙera inji iri biyu a lokaci guda, kuma kowanne da kuɗinsa.

Inda abin ya shafe mu kuwa shi ne nan. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Abin da masana'antun Jamus suka ƙera bana shi ne zai sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas bayan shekara goma sha, ya ƙarasa hannun dillalan Kano da Maraɗi da sunan Beljiyam. Ba 911 ce za ta cika mana tituna ba, amma doka ɗaya ce ke kan Porsche da Volkswagen da Mercedes, kuma duk shekarar da aka ƙara wa injin fetur a Turai, shekara ce da aka ƙara wa bakanikenmu da mai sayar da kayan gyara kafin su fuskanci motar da ba ta da fulogi ko salansa. Makarantun koyon sana'a da ofisoshin da ke sayen motocin gwamnati ya kamata su riƙa bin wannan muhawara, domin jinkiri ne aka samu, ba sokewa ba.

Tun daga 1 ga Janairu na 2026 Michael Leiters, wanda ya taɓa shugabantar McLaren ta Ingila, kuma ya yi aiki a Ferrari da ma Porsche ɗin kansa, shi ne aka naɗa ya gaji Oliver Blume a kujerar shugabancin kamfanin. Layin 911 babu mai shirin yanke shi. Wanda ya gada a katse shi ne na 718, kuma mayar da injin fetur cikin motar da aka zana tun farko domin batir aiki ne na shekaru, ba na alƙalami ɗaya ba.