Sharhi: Wane Ne Mai Wannan Adireshi?



Ga adireshin intanet guda biyu da Kanawa da dama suka sani. Na farko buk.edu.ng, shafin Jami'ar Bayero. Na biyu hausa.legit.ng, shafin labarai da harshen Hausa. Kowannensu gaɓa uku ne, ɗigo biyu ya raba su. To amma a na farko, sunan mai shafin shi ne gaɓar farko, wato buk. A na biyu kuwa sunan mai shafin yana tsakiya, wato legit, ita hausa ɗin reshe ce kawai da ya buɗe wa kansa. Kallo kaɗai ba ya nuna wannan bambanci, kwamfuta ma ba ta gane shi sai an sanar da ita. Ta wannan 'yar kafa ce 'yan damfara ke yi wa bayin Allah sakiyar da ba ruwa.

Tun 1983 wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara yadda ake raɗa wa kwamfutoci suna a intanet. Tsarin ya yi kama da adireshin da ake rubutawa a bayan ambulan: lambar gida, Sultan Road, Nassarawa GRA, Kano, Najeriya. Ƙarami a farko, babba a ƙarshe. Ma'aikacin gidan waya daga ƙarshe yake fara dubawa, domin in ƙasar ta sauya, sunan titin ba shi da sauran amfani. Haka ake karanta adireshin intanet, daga dama zuwa hagu. A tsallake https da sanduna biyun nan masu karkata, a nemi sanda ta gaba, a tsaya a nan, sannan a dawo baya. Duk abin da ya biyo bayan wannan sanda hanya ce a cikin shafin, shi ya sa a bbc.com/hausa mai shafin bbc ne. A hausa.premiumtimesng.com kuwa, ng ɗin nan manne take da sunan jaridar, adireshin yana ƙarƙashin com ne, ba ƙarƙashin Najeriya ba.

Yanzu mu leƙa wajen masu rubuta manhaja. A nan Nassarawa GRA, inda Gidan Gwamnati yake, ga asibitoci, ga makarantu, ga ofisoshin kamfanoni da ƙungiyoyi, akan ba matasanmu aikin haɗa manhajar da za ta tace saƙonni, ko ta tantance imel ɗin ma'aikata, ko ta toshe shafukan da ba a yarda da su ba. Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a yanka adireshin a kan kowane ɗigo a ɗauki gaɓa biyu na ƙarshe. A kan google.com abin ya yi daidai. Da an kawo buk.edu.ng sai manhajar ta ce mai shafin shi ne edu.ng, ta haɗa Bayero da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta mai da su gida ɗaya. Sai yaro ya ce to bari in ɗauki uku, nan kuma hausa.legit.ng ta watsa masa lissafi.

Babu wata ƙa'idar lissafi da za ta warware wannan, saboda ba lissafi ne ya kafa shi ba, mutane ne. Kowace ƙasa da yadda ta tsara nata. A Najeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da ng, kuma ta yarda a yi rajistar suna kai tsaye a ƙarƙashin ng, ko a ƙarƙashin com.ng, org.ng, edu.ng, gov.ng da sauransu. Birtaniya na da co.uk, Nijar na da ne. Maganin da aka samu shi ne a rubuta waɗannan wutsiyoyin adireshi duka a jeri guda. Gidauniyar Mozilla, masu manhajar Firefox, su suka soma wannan jeri mai suna Public Suffix List, kuma har yau 'yan sa kai ke sabunta shi. Manyan manhajojin shiga intanet da shi suke aiki.

Mai rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python yana da urllib.parse a hannu, amma iyakarta ta ware masa sunan kwamfutar daga sauran adireshin. Ba ta san inda ikon NiRA ya ƙare na Bayero ya fara ba. Wannan aikin wani laburare ne mai suna tldextract, wato tarin umarnin da wani mai suna John Kurkowski ya riga ya rubuta, ya sake shi kyauta. Ka miƙa masa adireshi, ya duba jerin nan, ya mayar maka da kashi uku: reshe, sunan mai shafi, da wutsiya. Layi biyu ne na rubutu. A ganina, duk wanda ya karɓi kuɗin mutane ya zauna yana yanka adireshi da hannu alhali ga wannan a ajiye, ganganci ya yi, ba ƙwarewa ba.

Ga abin da gangancin ke jawowa. A ce saƙo ya shigo WhatsApp, wai ana rabon tallafi, ga adireshi kamar haka: cbn.gov.ng.tallafi-yanzu.xyz. Misali ne na ƙirƙira, amma irinsa ake turowa. Mai karanta shi daga hagu zai ga cbn, ya ga gov, ya ga ng, hankalinsa ya kwanta, ya zuba lambar BVN ɗinsa. Manhajar da aka ce ta duba ko akwai gov.ng a ciki ita ma za ta ce a wuce. Laburaren kuwa zai ce wutsiya xyz ce, mai shafi tallafi-yanzu ne, duk sauran kwalliya ce da kowa zai iya rubutawa a gaban sunansa. Akwai kuma wayon alamar nan ta @ da ake gani a imel: in ta shigo tsakiyar sunan, inda za a kai ka shi ne abin da ke bayanta, ko da sunan bankinka ne a gabanta. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya nuna adireshin da a ido apple.com ne sak, alhali da haruffan rubutun Rasha aka haɗa shi.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne shafukan aro irin su blogspot.com da github.io. Kamfanonin da suka mallake su sanannu ne, amma kowa na iya buɗe reshe a ƙarƙashinsu. Jerin Mozilla ya ware musu sashe na daban, sai dai tldextract ba ya amfani da wannan sashe sai ka umarce shi.

Hukumominmu ma da nasu kason. Hukumar NITDA ke kula da gov.ng, ba kuma kowa ake ba shi ba, shi ya sa yake da daraja. Amma in ofishin gwamnati zai tallata ɗaukar ma'aikata da adireshin Gmail, ko da gajartaccen adireshin da ba a ganin inda ya nufa, da wane baki za mu ce wa dattijo a Kasuwar Kurmi ya riƙa duba wutsiya? An koya masa cewa na gaskiya ma haka yake zuwa.

Ku kuma shugabannin ofisoshi masu ba da aikin manhaja, ku tambayi wanda ya haɗa muku: yaushe rabon da a sabunta jerin? Daga 2012, lokacin da hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta buɗe ƙofar neman sababbin wutsiyoyi, an ƙara sama da 1,000, har da zip da kamfanin Google ya fara sayarwa a 2023, wadda ke sa adireshi ya yi kama da sunan fayil. Shi tldextract yakan sauko da jerin ne a karon farko ya adana, in kuma kwamfutar ba ta da intanet sai ya koma ga tsohon kwafin da ya zo da shi, ya ci gaba da aiki ba tare da ma'aikacin da ke gaban allo ya san an sami canji ba.