Ɗakin icce a ƙasar Arewa: mu ƙidaya gumagumai tukuna



Wata takarda ta iso mana nan gidan rediyo daga wajen Kore Mairuwa. Mai takardar magidanci ne, sabon aure, wanda ke zuwa biɗa bakin teku kowace rani. Ruwan damanar 2024 ya kada mishi ɗaki, da kayan amaryarsa a ciki. Ya ce ya gaji da laka. Ya ga hotunan waɗansu ɗakuna na Turai cikin salula, bangonsu duka gumagumai ne an ɗora wani bisa wani, shina so mu gaya mishi yadda ake yin su.

Duk wanda ya taɓa kwana tsaye cikin ruwan Agusta shina kallon bango na jiƙa, ya san abin da ya sa mutumin ga ya yi tambaya. Za mu gaya mishi yadda ake yi. Amma za mu faɗi ra'ayinmu kuma, ko da bai yi daɗi ba: ginin nan bai dace da ƙasarmu ba.

Ga yadda suke yi a ƙasashen sanyi irin su Finlan da Rasha da Kanada. Suna da itatuwa dogaye, miƙaƙƙu kamar sandar waya. Sai a sare su lokacin sanyi, a ɓare ɓawon, a bar su su sha iska. Ana fara aza tushe na dutse, don gungumen farko kada ya taɓa ƙasa. A kowace kusurwa masassaƙi shina yanke wa gungume gurbi, ya hau bisa ɗan'uwansa ya zauna daram, kamar in ka sarƙa yatsun hannuwanka biyu. Tsakanin gungume da gungume a cusa gansakuka don kada iska ta shiga. Da yake icce shina motsewa in ya bushe, bangon shina sauka kaɗan kaɗan cikin shekarun farko, shi ya sa ake barin fili bisa ƙofa da taga, in ba haka ba nauyi ya danne ƙyaure ya ƙi buɗuwa. Rufin kuwa ana fito da bakinsa waje sosai, ruwa ya zuba nesa da bango. Aiki ne mai ƙarƙo, ba mu musu. A tsibirin Kiji na Rasha akwai majami'ar gumagumai da anka gina a 1714, tana nan tsaye har yau.

To, yanzu ku ɗauko tsinke mu yi lissafi a ƙasa. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayinsa mita 2 da rabi. In kaurin gungume santimita 20 ne, kowane gefe shina cin jeri 13. Gefe huɗu, gumagumai 52 ke nan, kowane ya fi mita 4, kuma ba karkatacce a ciki. Ɗaki guda fa, ba rufi, ba zaure, ba ɗakin uwargida.

Kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne. Mu fa? Ka tashi daga Matankari ka bi ta Kieshe har Gesheme, ka nuna mana itatuwa 52 miƙaƙƙu. Sabara da geza da kalgo ba su yin gungume. Ƙirya tana da ƙarfi, gara na jin tsoronta, amma maƙera da masu turmi sun daɗe da rage ta. Gawo kuwa icce ne mai taushi, kuma wanda ya sare gawo a gonarsa ya sare takin hatsinsa da abincin bisashensa na rani. Abin da ya saura shi ne giginya, can ƙasan dallol wajen Gaya. Ita kuma masu sani sun san ba duka jikinta ke da amfani ba. Bayan ne ke da tauri, cikin laushi gare shi, shi ya sa ake tsaga ta a fidda azara. Namijin ya fi macen ƙarfi, kuma sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta nuna, har wanda ya binne ƙwallon sau da yawa ba shi ne ke sara ba. Giginyoyin da za a jera a bango guda, in an tsaga su, sun isa rufin ɗakuna da yawa. Ga kuma doka: giginya da gawo suna cikin itatuwan da ba a sara sai da izinin ma'aikatan daji.

Sannan akwai wadda hoton salula ba ya nunawa, wato gara. A Finlan sanyi bai bar ta ta zauna ba. A nan kuwa ka aje faskare a ƙasa ka dawo bayan sati biyu ka gani. Ka ƙara da gobarar hunturu, a gidan da ake girki da icce ga kara ga zana ko'ina.

Sai mu koma ga ɗakin da ya faɗi. Wai laifin laka ne? Ku duba kangayen da damana ta bari a garinku. Mafi yawansu ko dai ruwa ya kwanta a gindi ya cinye bango daga ƙasa, ko kuwa indararo ya toshe, ruwa ya taru a bisa ya sami tsaga ya shiga. Wasu kuma an gina su ne a kan hanyar ruwa, inda tsofaffi ba su taɓa yarda a kafa ko rumfa ba. Abin mamaki, mu da garinmu ya ci sunan dutse, ga marmara zube a kan tuddai, sai mutum ya aza tubali kan rairayi tsirara don kada ya biya amalanke. Mai rubutun ga ya yi wannan wautar da kansa, damana ta uku bangon gabas ya zauna. Dutse tun daga cikin rami har ya kai gwiwa a waje, yaɓe kafin ruwan farko, a share rufi a buɗe indararo: bangon laka da ya sami waɗannan ba ya faɗuwa da sauƙi, kuma shina riƙe sanyin safe har azahar a watan Afrilu, abin da ɗakin kwano ba ya yi.

Duk da haka kada a ce ba mu koyi komi ba daga masu gumagumai. Dabarunsu uku sun shafi kowane icce da ke gidanka. Kada ka yi gini da ɗanyen icce. Sare shi bayan girbi, ɓare shi, jingine shi a inuwa ya bushe, don ɗanye shina lanƙwasa, ƙwari kuma suna son ɓawo. Kada icce ya taɓa ƙasa in da hali. Rumbun da anka ɗora bisa duwatsu ya fi wanda ke kan gofar da anka binne daɗewa, kuma in gara ta fara hawa za ka ga hanyarta a jikin dutse ka kankare. Dirkar rumfa da ta darni, waɗanda dole a binne su, a babbaka gindinsu ko a shafe shi da baƙin mai. Na uku, bakin rufi ya fito waje. Jinkar da ta sauko ta rufe kan bango ta fi wadda anka yi wa rowar shibci. Kan azara da ke shiga cikin bango ma nan ne gara ke fara ci, a riƙa dubawa.

Wanda kuma tsadar azara ta dame shi, akwai ginin da ba icce ko ɗaya a rufinsa. An fara gwada shi a ƙasarmu a 1980 a Cikal, wajen Filinge, da dabarar da ta fito daga kudancin Masar: tubali ne ake jerawa har ya rufe kansa, ya yi ƙubba ko baka. Ƙungiyar Development Workshop ta horar da magina da yawa a kansa. Amma ku ji da kyau, ba aikin gani a kwaikwaya ba ne. In maginin bai koya ba, ko bango bai yi kaurin da zai tare turin rufin ba, abin da zai faɗo bisa mai barci ya fi azara nauyi.

Abu na ƙarshe da ke damunmu shi ne kowa na neman icen gini, masu renonsa kaɗan ne. A kwarin Majiya, wajen Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, daga baya mutane sunka riƙa saran rassan suna samun icen rumfa da na rufi, uwar tana nan tana sake toho. A jihar Maraɗi tun 1983 manoma sunka kama sassaben zamani: in ka tarar da kututture shina toho a gona, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. A 2020 gwamnati ta fito da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan icen da ya rena ta wannan hanya a gonarsa. Gungumen bango ba zai fito daga nan ba, amma gofa da dirka da tsaiko suna fitowa cikin ƴan shekaru, ba tare da an je kasuwa ba.

Kai kuma mai takarda, kuɗin da ka tara na katako, ka kasa su. Kashi guda na amalanken dutse, kashi guda na magini wanda ka ga aikinsa ya yi damana biyar bai tsage ba, sauran na azara da ƙyaure mai kyau. Kafin a haƙa rami, ka tambayi tsofaffin unguwarku inda ruwa ya bi a 2020 da 2024.