Martani kan maganin dajin da haske ke tayarwa

Tun da na yi bayanin maganin ciwon daji da ba ya aiki sai an haska shi, wasu 'yan'uwa a majalisun Dutsi suka yi mini ca. Ga amsata.

Kun ce sabon abu ne da Turawa ke son gwadawa a kanmu. Sabo ina? Tun 1900 wani ɗalibi a Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa da zarar haske ya sauka a kansu. A 1978 Thomas Dougherty ya gwada dabarar a kan majinyata a birnin Buffalo na Amurka. Kanada ta amince da maganin Photofrin a 1993, Amurka ta biyo baya a 1995. A jikinsu suka fara.

Kun ce gashi ne aka sauya wa suna. A'a. Allura ake yi wa mutum, a jira kamar kwana biyu maganin ya taru a cikin ƙarin, sannan likita ya haska jan haske a daidai wurin, ta siririn bututu in ciwon a hanyar abinci yake ko a huhu. Nan maganin zai mai da iskar oksijin da ke wurin guba ga ƙwayoyin dajin.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta masu cewa ai rana kyauta muke da ita, me za a je nema asibiti? Malamai, ranar ce abin gudu! Wanda aka yi wa Photofrin dole ya ƙaurace wa rana aƙalla kwana 30, da malafa, da tabarau, da safar hannu, in ba haka ba fatarsa ta ƙone ta yi bororo. Ku ƙiyasta manomin Dutsi a tsakiyar damina, ciyawa na cin geronsa, shi kuwa yana ɗaka. Zabiya ma ai ranar ce ke jawo masa dajin fata.

Sai zargin cewa ina sa wa marasa lafiya rai a banza. Ban taɓa cewa yana maganin kowane daji ba. Hasken ba ya ratsa tsoka fiye da kusan santimita ɗaya, saboda haka ƙari mai zurfi, ko wanda ya riga ya bazu zuwa hanta, ya fi ƙarfinsa. Matar da ta ji ƙulli a nono kada ta zauna jiran wani haske. Ta kama hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a ɗebi tsoka a auna tukuna.